Dandalin Washington: Masu Rai A Sama, Mutum 20,000 A Ƙasa

A kudancin tsibirin Manhatan, wato cibiyar birnin Niyok na ƙasar Amurka, akwai wani fili da ake kira Dandalin Washington. Faɗinsa bai cika eka 10 ba, amma yana cikin wuraren shan iska da suka fi suna a duk faɗin ƙasar. Akwai itatuwa masu inuwa, da bencina, da ciyawa da ake yi wa aski kamar kan yaro ranar Sallah, da wani babban famfo a tsakiya mai fesa ruwa sama. Abin da yawancin masu zuwa ba su sani ba shi ne, daga shekarar 1797 zuwa 1825 wannan fili maƙabarta ne, kuma masana tarihin birnin sun ƙiyasta cewa fiye da mutum 20,000 suna nan kwance a ƙarƙashinsa har yau ɗin nan. Ba a kwashe su ba. An dai baje ƙasa a kansu, aka shuka itatuwa.

Mun ziyarci wannan wuri a lokacin hutun ƙarshen shekarar karatu, sa'ad da muka je ganin 'yan'uwa mazauna unguwar Bronx, inda 'yan zangon ƙasar nan da dama suke neman abinci. Muna ganin labarinsa ya cancanci a ba ku shi filla-filla, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Yadda Wurin Yake

Daga Bronx jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba D shi ke kai mutum har tashar da ke yamma da dandalin, ba sai ya canza jirgi ba. Wanda ya yi mana jagora wani tsohon ɗalibinmu ne da ke tuƙa tasi a birnin. Da muka gaya masa dalilin zuwanmu sai ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, wane irin kabari kuma? Ai nan wurin 'yan jami'a ne da makaɗa. Shekara nawa ina sauke fasinja a bakin ƙofar nan!" Ba mu ga laifinsa ba, don kuwa idan ido kaɗai mutum zai bi, babu abin da zai nuna masa.

Ta arewa aka fi shiga, inda babban titin nan na Biyar ya ƙare. A nan ne ƙofar take, wata ƙatuwar ƙofa mai baka ta farin dutse, tsayinta ya haura ƙafa 70, wadda ba ta da bango ko ƙyaure, an gina ta ne kawai don girmama George Washington, shugaban ƙasar na farko. Daga nan sai mutum ya gangara zuwa famfon, inda yara ke tsoma ƙafa a lokacin zafi. Can a kusurwar kudu maso yamma akwai tebura na dutse da aka zana wa gidajen dara irin ta Turawa, dattawa da samari suna ta bugawa, wasu har da 'yar caca. Ga masu goge, ga masu kalangu irin nasu, har mun ga wanda ya turo fiyano sukutum a kan tayoyi yana kaɗawa. Ga tattabaru, ga kurege da ba ya gudun mutum. Gine-ginen da suka kewaye filin kuwa yawancinsu na Jami'ar Niyok ne, wadda aka kafa a 1831, saboda haka duk inda ka duba ɗalibai ne da littattafai da kwamfuta a cinya.

Mun zauna a benci mun daɗe muna kallo. Mutumin da ya tashi a inda ake tuɓe takalmi, a rage murya, a yi sallama kafin a shiga maƙabarta, dole jikinsa ya yi sanyi idan ya ga mai sayar da askirim ya kafa kekensa a inda ya san akwai mutane a ƙasa. To amma baƙo ba ya yanke hukunci tun bai ji tushen zance ba. Bari mu koma baya.

Kafin Maƙabarta

Wannan ƙasa tun asali ta mutanen Lenape ce, wato 'yan asalin wurin kafin zuwan Turawa. Akwai wani ɗan rafi mai suna Minetta da ya ratsa ta, wanda daga baya aka rufe shi aka yi gini a kansa. Turawan Holan ne suka fara kafa gari a ƙarshen tsibirin, kuma sun kawo bayi daga Afirka tun a shekarun 1620. A 1644 kamfanin da ke mulkin garin ya ba bayi maza 11 abin da ya kira rabin 'yanci, tare da matansu. An yanka musu gonaki a wannan yanki, bisa sharaɗin su riƙa biyan kamfanin wani kaso na amfanin gona duk shekara, kuma 'ya'yansu su ci gaba da zama bayi. Ba don Allah aka yi wannan kyauta ba: ana cikin yaƙi da 'yan asalin ƙasar ne, sai aka zaunar da baƙaƙe a tsakani, don idan an kawo hari a fara ta kansu. Duk da haka sun yi noma, sun kafa iyali, har wurin ya zama ana kiransa ƙasar baƙaƙe. Da Ingila ta karɓi garin a 1664 sai al'amura suka fara sauyawa, kafin a yi nisa cikin ƙarnin da ya biyo baya gonakin duk sun fita daga hannunsu.

Ke nan 'yan Afirka suna cikin waɗanda suka sa fartanya tun da wuri a ƙasar da dandalin yake. Wannan ma ba kowane mai yawo a wurin ya sani ba.

Shekarun Shawara

A ƙarshen ƙarni na 18 Niyok gari ne na mutum wajen 60,000, a cunkushe a bakin tashar jiragen ruwa, ba magudanan ruwa na kirki, ba tsabtataccen ruwan sha. Kusan duk lokacin zafi sai zazzaɓin shawara ya ɓarke. Ya yi ɓarna a 1795, sa'an nan a 1798 ya kashe fiye da mutum 2,000 cikin 'yan watanni, ya kuma dawo a 1803 da 1805 da 1819 da 1822. Likitocin zamanin ba su san sauro ne ke yaɗa shi ba. Sun ɗauka mugun wari ne da ke tashi daga fadama da juji da gawa. Sai a 1881 wani likitan ƙasar Kyuba, Carlos Finlay, ya nuna sauro da yatsa, aka kuma tabbatar da maganarsa a 1900.

Idan annoba ta sauka, mai hali yakan kwashi iyalinsa ya gudu ƙauye sai sanyi ya shigo. Wanda ya rage shi ne ɗan dako, da matuƙin jirgin da ya sauka jiya, da baƙon da ya zo daga Ailan ko Jamus bai san kowa ba, da bawa, da 'yantacce. Su ne suka fi mutuwa, su ne kuma ba su da kuɗin sayen kabari a harabar coci. Don haka a watan Afrilu na 1797 majalisar birnin ta sayi gona a gabashin rafin Minetta, can bayan gari, ta mai da ita maƙabartar marasa galihu. Turawa suna kiran irin wannan wuri filin maginin tukwane, sunan da suka ɗauko daga Linjila ta hannun Matiyu, inda aka ba da labarin wani fili da aka saya don binne baƙi. Masu gidajen gona a kusa, har da Alexander Hamilton wanda hotonsa ke kan takardar dala 10, sun rubuta wa majalisa koke cewa ba su son maƙwabtaka da gawa. Majalisa ba ta saurare su ba.

Shekara 28 ana kai mutane. A lokacin annoba akan jera su a rami ɗaya, wani kan wani. Har wa yau wasu coci-coci sun sami gefen filin don binne mutanensu, suka gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa. Sa'an nan kuma an taɓa kafa gungumen rataya a wurin. A kusurwar arewa maso yamma akwai wani tsohon itace irin wanda suke kira elm, da aka ƙiyasta ya haura shekara 300, wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna itacen mai rataya. Mun tsaya a gindinsa, mutum uku ba za su iya rungume shi ba. Masu ja-gorar baƙi suna son ba da labarin waɗanda aka rataye a rassansa, amma masana sun ce babu wata takarda da ta nuna haka. Kisan da aka tabbatar an yi a filin guda ɗaya ne, kuma a kan gungume aka yi shi: wata baiwa mai suna Rose Butler, 'yar shekara 19, da aka rataye a 1819 bisa laifin cinna wa gidan iyayen gijinta wuta, ko da yake ba wanda ya mutu a gobarar. A nan aka binne ta. Shekara 8 bayan haka, ranar 4 ga Yuli 1827, aka kawo ƙarshen bauta a jihar Niyok.

Wani abu da zai ba mai karatu sha'awa game da wannan cuta: allurar rigakafin shawara da ake yi mana kafin a ba mu katin nan mai ruwan ɗorawa, a wannan birni na Niyok aka haɗa ta a 1937, a ƙarƙashin jagorancin Max Theiler. Ƙwayar cutar da aka yi aikin da ita kuwa daga jinin wani mutumin ƙasar nan aka samo ta a 1927, zamanin ana kiranta Gwalkwas, sunansa Asibi, kuma har yau masana da sunansa suke kiran wannan ƙwaya. Cutar da ta cika ramukan dandalin, da jinin ɗan Afirka ta Yamma aka karya lagonta.

Yadda Kabari Ya Zama Lambu

Gari ba ya tsayawa. Wurin da yake bayan gari a 1797, kafin 1825 gidaje sun cim masa, maƙabartar kuma ta cika, sai aka rufe ta. A 1826 magajin gari Philip Hone da majalisarsa suka ƙara sayen filin da ke yammacin rafin, suka haɗe, suka baje, suka mai da shi filin faretin sojojin sa-kai, aka sa masa sunan Washington, daidai lokacin da ƙasar ke cika shekara 50 da samun 'yanci. Masu tarihin unguwar suna ba da labarin cewa a wasu lokuta ƙasa takan rufta da manyan bindigogi, saboda ramukan da ke ƙasa. Duk da haka dabarar ta yi aikin da ake so ta yi: da zarar sunan maƙabarta ya gushe, sai farashin filaye ya tashi. A shekarun 1830 attajirai suka jera gidajen jan bulo masu ginshiƙai a arewacin filin, waɗanda har yau suna nan tsaye. Wurin da masu kuɗi suka yi ƙorafin maƙwabtaka da shi ya zama wurin da masu kuɗi ke rububin zama.

Wajen 1850 aka gyara shi ya koma lambu sosai, aka yi hanyoyi, aka sa famfo na farko a 1852. A 1889 aka yi ƙofar wucin gadi ta katako da farar ƙasa don bikin cika shekara 100 da rantsar da George Washington, mutane suka so ta, sai aka ba maginin nan Stanford White aikin yin ta dutse, aka gama a 1892. Lokacin da ake haƙa harsashin ƙafarta ta gabas, a zurfin ƙafa 10, ma'aikata suka ci karo da ƙasusuwa da akwatin gawa da dutsen kabari mai shekarar 1803. Aka kawar, aka ci gaba da gini.

Haka abin ya riƙa faruwa. A 1965 ma'aikatan kamfanin wuta suka fasa wani ɗaki a ƙarƙashin kusurwar arewa maso gabas, suka tarar da ƙwarangwal wajen 25. A babban gyaran da aka fara a 2007 an yi ta samun ƙasusuwa, kuma a 2009 aka tono wani dutsen kabari lafiyayye, rubutunsa rangaɗau. Na wani James Jackson ne, mutumin gundumar Kildare ta ƙasar Ailan, wanda ya rasu ranar 22 ga Satumba 1799 yana da shekara 28. Da aka bincika tsofaffin takardun birni sai aka gano shawara ce ta kashe shi. Wannan ya nuna cewa a shekarun annoba har wanda danginsa ke da kuɗin sassaƙa dutse akan kai shi can, saboda tsoron cutar. A 2015 kuma masu canza bututun ruwa a titin gabas suka buɗe ɗakuna 2 na ƙarƙashin ƙasa, da akwatuna a jere a ciki.

Dubi wannan lissafi, mai karatu. Daga cikin mutum 20,000, waɗanda ake iya kama sunansu a baki a yau 'yan ƙalilan ne, kuma yawanci ko dai an kai su kotu an rubuta, ko kuwa wani nasu ya sassaƙa dutse.

Dutsen Da Aka Sa A 2021

Abin da muka fi son gani shi ne alamar da hukuma ta sa. Sai da muka zaga sau biyu kafin mu same ta, a gefen kudu, kusa da mashigar titin Sullivan. Wani ɗan faffaɗan dutse ne da aka shimfiɗa daidai da ƙasa, a bakin wani kwamin furanni, mutane na wucewa ta gefensa ba su ko sunkuyawa. A watan Maris na 2021 hukumar lambunan birnin ta tattara guntayen ƙasusuwan da aka tono tsakanin 2008 da 2017, ta zuba su a akwatin katako, ta binne a zurfin ƙafa 5 a wannan kwami. Rubutun da ke kan dutsen ya bayyana a taƙaice cewa nan maƙabarta ce a da, ya faɗi shekarun, ya faɗi irin mutanen da aka binne. Daga rufe maƙabartar a 1825 zuwa sa wannan dutse shekara 196 ke nan.

Ɗalibin namu ya karanta, ya yi shiru, sa'an nan ya cire hularsa ta ƙwallo. Ya ce, "Malam, to yanzu in na zo wucewa me zan yi?" Muka ce masa ya wuce kamar yadda ya saba, sai dai ya wuce yana sane.

A nan ne ya kamata mu yi wa lambun adalci. Da a ce an yanka wannan fili an sayar a 1826, da yanzu benaye ne masu hawa 20 a kansa, da ɗakunan ajiye motoci a ƙarƙashi, kuma da tuni an kwashe ƙasusuwan da motar kwasar ƙasa an zubar da su inda ba wanda ya sani. Kasancewarsa fili a buɗe shi ya sa mutanen nan suke kwance a inda aka ajiye su. Ko a shekarun 1950, lokacin da babban jami'in tsara birni Robert Moses ya so ratsa filin da babban titi, matan unguwa ne irin su Shirley Hayes da Jane Jacobs, da goyon bayan Eleanor Roosevelt, suka yi tsayin daka har aka janye, aka kuma hana motoci shiga gaba ɗaya. Don 'ya'yansu masu wasa suka yi, amma matattu ma sun amfana. Saboda haka a ganinmu babban laifin ba ya kan itatuwa da bencina. Yana kan shirun shekara 196, da kuma cewa kabarin da aka baje na wanda ba shi da mai magana a madadinsa ne. Ga maƙabartar Cocin Trinity can a tsakiyar unguwar bankuna, a kan ƙasa mafi tsada a birnin, inda Hamilton ɗin nan mai koke yake kwance. Fiye da shekara 200 ba wanda ya taɓa ta.

Ba Wannan Kaɗai Ba Ne

Dandalin Washington ɗaya ne a cikin jerin. Kafin shi, a inda Dandalin Madison yake yanzu ake binne marasa galihu. Bayansa aka koma inda Lambun Bryant yake a yau, bayan babban ɗakin karatu na birnin, daga 1823 zuwa 1840. Duk lokacin da gari ya matso sai a ƙara gaba, har aka tsallaka ruwa. Tun 1869 tsibirin Hart, wanda ke cikin yankin Bronx, shi ne maƙabartar waɗanda ba a sani ba ko waɗanda danginsu suka kasa ɗaukar nauyin jana'izarsu, kuma an binne fiye da mutum miliyan 1 a can. Fursunoni ne ke aikin binnewa har zuwa 2020, sa'an nan a 2021 tsibirin ya koma hannun hukumar lambuna. Bambancin da aka samu shi ne yanzu ana rubuta suna da lambar rami, har mutum yana iya neman ɗan'uwansa ta intanet.

Daga dandalin mun taka zuwa kudu, tafiyar kamar minti 25, don ganin wani wuri da ya nuna abin da tsayin daka ke iya yi. A 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnatin tarayya a titin Broadway, aka faɗa kan maƙabartar 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, wadda aka yi amfani da ita tun ƙarshen ƙarni na 17 har zuwa 1794, aka kuma ƙiyasta mutum 15,000 a cikinta. An tono gawa 419 kafin baƙaƙen fatar birnin su tashi tsaye su sa a dakatar da aikin. Aka kai ƙasusuwan Jami'ar Howard, masana a ƙarƙashin Michael Blakey suka yi nazarinsu, suka ga alamun aikin wahala a gaɓoɓi, suka ga kusan rabinsu yara ne, suka ga wasu da haƙoran da aka feƙe irin na al'adun Afirka. A watan Oktoba na 2003 aka mai da su ƙasa da girmamawa, cikin akwatunan katako da masassaƙan Ghana suka sassaƙa da hannu. A 2006 aka ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa, a 2007 aka buɗe ginin tunawa na baƙin dutse. A jikinsa akwai alamar Sankofa, wadda duk wanda ya zauna da Asante ya san ma'anarta: a koma a ɗauko abin da aka bari a baya. Mun ga tuddai 7 masu ciyawa inda aka binne akwatunan, ba mai taka su.

Maƙabarta biyu, tafiyar ƙasa da rabin awa a tsakaninsu, duk an gina gari a kansu. Ɗaya ta sami jikoki masu cewa namu ne, ta sami shinge da masu gadi da ɗakin tarihi. Ɗaya kuwa, da yake mutanenta tarkace ne daga ko'ina, ta sami dutse ɗan ƙarami bayan kusan ƙarni 2.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mu mutanen zango jikokin baƙi ne. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro, da malamai, da sojoji, da mahauta, suka sauka a gefen garuruwan wasu, aka nuna musu bayan gari aka ce su binne matattunsu a can. Wannan bayan garin a yau, a Kumasi ko Ankara ko wani gari da ya bunƙasa, ya zama tsakiyar gari, kuma kowa ya san yadda ido ke kan fili. Sa'an nan al'adarmu ba ta gina kabari. Tudun ƙasa ne, da ɗan itace ko fasasshiyar tukunya ko ɗan allon ƙarfe da tsatsa ke cinyewa, damina 10 ta ishe shi ya koma daidai da ƙasa. Wannan tawali'u ne mai kyau, ba kuma muna kira a sauya shi ba ne. Amma ma'anarsa ita ce, abin da ke tsare maƙabartarmu ba dutse ba ne, mutane ne da takarda. Ranar da tsohon da ya san iyaka ya rasu, in ba a rubuta ba, iyakar ta rasu tare da shi.

Don haka muna ba sarakunan zango da limamai da kwamitocin jana'iza shawara 3. Na farko, a nemi takardar mallakar kowace maƙabarta, tsohuwa da sabuwa, a sa safiyo ya auna, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Na biyu, a kewaye ta, ko da da itatuwa ne in ba a da kuɗin bulo, domin filin da ba shinge shi ke fara zama juji, juji ya zama wurin kanikawa, daga nan sai a ji an zuba harsashi. Na uku, a sayi babban littafi a riƙa rubuta sunan duk wanda aka binne, da rana, da layi, musamman baƙon da ya mutu a tasha ko asibiti ba a san danginsa ba, ko da kamanninsa ne da garin da ake zaton ya fito. Wannan aiki ne da malaman makaranta da ɗalibanmu na sakandare za su iya ɗauka a kyauta, a kuma haɗa da zama da dattawa a rubuta inda tsofaffin maƙabartun da aka daina amfani da su suke.

'Yan'uwanmu na ƙasashen waje kuma, waɗanda muka ga yadda suke haɗa kuɗi a masallatai da ƙungiyoyi idan an yi rashi, Allah Ya saka musu. Muna roƙon su ƙara sa ido kan wanda ba ya zuwa taro, wanda ya zo shi kaɗai, wanda ke zaune da sunan da ba nasa ba saboda matsalar takardu. Irinsa ne kan mutu a ɗaki ba a sani ba, a ƙarshe hukuma ta kai shi tsibiri, uwarsa na gida tana jiran waya.

Duk wanda Allah Ya kai shi Niyok, muna ba shi shawara ya ware rabin yini. Shiga dandalin kyauta ne, haka ma maƙabartar 'yan Afirka. Ya fara da dutsen da ke mashigar titin Sullivan, ya je gindin tsohon itacen, sa'an nan ya zauna ya ji kiɗa in yana so, don wurin na masu rai ne kuma. Allah Ya sa mu cika da kyau da imani, Ya kuma ba mu masu tunawa da mu. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.